Katanga ko Malamin Fizik: Yadda Iyaye da Ɗalibai Suka Auna Wata Lise a Maraɗi

Makarantar da ake magana a kanta lise ce, wato babbar sakandare, ta gwamnati a cikin birnin Maraɗi, irin wadda aka haɗa da kwaleji, wato ƙaramar sakandare, a fili ɗaya. 'Yan siziyam zuwa turwaziyam suna gefe guda, su ne masu shekara 4 kafin jarrabawar birebe ta kammala kwaleji. 'Yan sagond, firamiyar da tarminal suna ɗaya gefen, shekara 3 sannan bak, jarrabawar kammala lise mai buɗe ƙofar jami'a. Na sakaya sunanta da na mutanen da suka yi magana, domin duk suna nan, suna gaisawa a masallaci da kasuwa. Ina cikin kwamitin iyayen yara, kuma ni aka ɗora wa riƙon alƙalami saboda ina iya rubuta rahoton taro da Faransanci, shi ya sa lamarin ya bi ta hannuna.

A unguwa, in ka ce ɗanka yana wannan makaranta, sai a ce maka madalla. Sunanta mai kyau ne. Amma a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 aka wayi gari iyaye suna cewa makaranta ta ƙwarai ce, katanga kawai ta rage mata, ɗalibai kuma suna cewa wani babban yanki na abin da aka ce ana koya musu ba a taɓa shi ba. Kowa da hujjarsa, kuɗin da ke hannun kwamiti kuwa ba su isa biyan buƙata biyu ba.

Mafarin lamarin

Daminar 2024 ta zo da ruwan da ba a saba gani ba. A ƙarshen watan Agusta Maraɗi ta sha ambaliyar da ta rusa gidaje, ta ci rayuka, mutane da dama suka fake a azuzuwan makarantu. Gwamnati ta ɗage komawa karatu a ƙasa baki ɗaya daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Kusan wata guda ke nan ya tafi kafin a ɗauki alli, alhali manhajar tarminal ko a shekarar da komai ya tafi daidai da ƙyar ake kai ƙarshenta.

Ruwan ya bar wa makarantar tabo: katangar yamma ta zube, ta bar wawakeken giɓi. Ba a daɗe ba giɓin ya zama hanya. Awaki suna shiga, 'yan kabu-kabu suna yanke ta nan don su rage tafiya, masu talla suna kaiwa har bakin taga, yara kuma in an fita hutun ƙarfe goma wasu ba sa dawowa. Abin da ya fi tsone wa iyaye ido shi ne samarin da ke tsayawa da babura a bakin giɓin lokacin tashi.

Akwai kuma wani giɓin da ba a ganinsa daga titi. Malamin fizik da shimi, wato ilimin sinadarai, na azuzuwan tarminal D an yi masa canjin wurin aiki lokacin hutu, ba a turo madadinsa ba. A jadawalin da ke manne a bangon aji sa'o'in fizik suna nan a rubuce, yara suna zaune a lokacin, malami ne babu. Sai bayan hutun ƙarshen Disamba aka turo wani matashi mai aikin bautar ƙasa, irin waɗanda ake kira 'yan sibik. Ga wanda bai san tsarin ba: a sashen D, lissafi, fizik da shimi, da ilimin halittu su ne masu nauyi a bak. Makin da ka rasa a cikinsu ana ninka shi, ba ka iya cike shi da tarihi ko Ingilishi.

Kuɗin kuma ga asalinsu. Makarantar gwamnati kyauta ce, ba a biyan kuɗin karatu. Amma alli, gyaran benci, albashin mai gadi da takardar buga jarrabawa sukan faɗo kan kwamitin gudanarwa da ake kira COGES, wanda ya haɗa iyaye, malamai, hukumar makaranta da wakilan ɗalibai. Kowane yaro ana yanka masa 'yar gudummawa a shekara. Wasu su biya gaba ɗaya, wasu kaɗan-kaɗan, wasu su ce sai kaka. Abin da aka tara a wannan shekara an riga an sa masa suna tun kafin ya shigo: kuɗin katanga.

Abin da iyaye suke dubawa

Kafin babban taro mun zagaya, mun ji bakin iyaye a gida da bakin shago. Kusan duk wanda ka tambaya ko makarantar tana da kyau, ranar sakamako yake fara kawo maka. Wanda ya taɓa tsayawa a wannan taro ya san dalili: shugaban alƙalan jarrabawa yana tsaye da lasifika yana kiran lamba da suna, filin cike, nan guɗa, can kuka, wani yaro ya zube ƙasa ya yi sujada. A ƙasar da a shekarar 2021 waɗanda suka ci bak ba su kai 25 cikin 100 ba, makarantar da kowace shekara kake jin sunayen 'ya'yan maƙwabta a cikinta dole ka ɗauke ta da daraja. Wani mai sayar da shinkafa da man girki a babbar kasuwa ya ce mini: "Malam, ɗiyana biyu nan suka ci bak, guda yana jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yanzu haka. To mi kuma za a hwaɗa mini?"

Daga sakamako sai gini. Iyaye da yawa sun yaba cewa duk azuzuwan na siminti ne, babu na zana ko ɗaya. Baƙo zai ce ana auna ilimi da bulo. Amma mutumin Maraɗi bai manta watan Nuwamban 2021 ba, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana a wata firamare ta cikin gari, yara fiye da 20 suka rasu. Tun daga ranar, uba in ya shiga makaranta, rufi da bango yake fara kallo, kuma ban ga laifinsa ba.

Iyaye mata su ne suka fi kafewa kan katanga, kuma hujjarsu ta fi ta kowa nauyi. A Nijar wajen 'yan mata uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, jihar Maraɗi kuwa tana sahun gaba. Akwai dokar 2017 da ta ce a kare karatun yarinya har ta kai shekara 16, to amma 'yar tarminal ta wuce nan, babu abin da ke riƙe da ita a aji sai haƙurin gidansu. Uwar da ta kawo ɗiyarta wannan matsayi ta sha fama da dangi, shekara da shekaru. Wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu, ta ce mini baffan yarinyar dalili ɗaya kawai yake jira. In aka ce an ga yarinyar tana magana da wani mai babur a bakin giɓin nan, ko ƙarya ce, karatu ya ƙare. A wurinta makaranta mai kyau ita ce wadda yarinya za ta shiga da safe, ƙofa a rufe, ta fito da azahar babu abin faɗi.

Abu guda ya haɗa yawancin iyayen nan: ba sa karanta Faransanci. Ba jahilai ba ne, nesa ma. Akwai mahaddata a cikinsu, akwai mai juya lissafin naira da sefa a kansa kafin ka ciro waya. Amma takardar sakamakon zango in ta zo gida, abu biyu ake nema a ciki: nawa ya samu cikin 20, kuma na nawa ya zo. Ko da kundin tsarin mulkin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, darasin lise da takardunta har yanzu da Faransanci suke. Saboda haka gurbin da aka bari babu maki a gaban fizik, a zangon farko, ya wuce ta gaban iyaye da yawa ba su lura ba. Wasu yaran ma sun ji daɗin hakan, don rashin makin fizik ya ɗaga musu matsakaicin maki.

Iyayen da ke aikin gwamnati sun sani sarai. Sai dai sun riga sun magance matsalarsu a gida, sun ɗauki malamin dare, don haka ba su da abin ɗaga murya a kai. Iyayen yaran ƙauye kuwa, na wajen Tibiri, Madarunfa da Gidan Runji, waɗanda 'ya'yansu ke zaune a gidajen masu masauki, ba mu same su ba, kuma ba su zo taro ba. Rabonsu da makarantar tun ranar da suka kawo yaro da buhun gero.

Abin da ɗalibai suke ƙirgawa

Ɗalibai ba su kawo zancen katanga ba sai da muka tambaya. Su sa'o'i suke ƙirgawa.

A kowane aji akwai wani babban kundi da shugaban aji ke ɗaukowa daga ofishin sansar, wato mai kula da tsarin karatu, kowace safiya, ya mayar in an tashi. An raba shi darasi-darasi. Malamin da ya shiga zai rubuta kwanan wata, sa'ar da ya yi, kan darasin da ya bayar, ya sa hannu. Na tarminal D da na gani bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi, an ɗaure gindinsa da salatif. Shafukan lissafi cike suke, rubutu ƙanana, layi bayan layi, da jan biro inda aka yi gwaji. Na falsafa ma ba laifi. Da ka buɗe wurin fizik da shimi sai ka tarar da kan shafi kawai, da layukan da aka ja da rula, fari fat, har zuwa watan Janairu. A sauran darussan ma akwai 'yan ramuka nan da can: ranar da malami ya tafi bin sawun kuɗinsa, ranar da aka yi rasuwa, ranar da ƙungiyar ɗalibai ta busa usur kowa ya fita. Yaran sun san waɗannan ranaku ɗaya bayan ɗaya.

Wata ɗaliba ta nuna mini littafinta na fizik. Babin farko-farko duk suna ciki, da rubutu mai tsabta, amma babu kwanan wata a kansu. Ta aro littafin ƙawarta da ke makarantar kuɗi ne ta kwafe. Na ce to ai kin samu. Ta ce: "Baba, na haddace su kamar karatun allo. In an tambaye ni yadda yake a rubuce zan kawo. In aka juya tambayar kaɗan, shi ke nan na tsaya." Bak kuwa juya tambaya ita ce sana'arta.

Sun yi maganar ɗakin gwaje-gwaje. Ɗakin yana nan, da sunansa a saman ƙofa, amma karyayyun bencina ne a ciki. Yaron da zai rubuta jarrabawar shimi bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. An gaya masa ruwan zai sauya launi in an ɗiga masa kaza, ya rubuta, ya yarda. Sun yi maganar cunkoso: bencin mutum biyu ana zama uku, wani lokaci huɗu, na baya ba ya jin malami, ga rufin kwano a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wani yaro mai hankali ya ƙara da abin da ban yi tunani ba. Ya ce yawansu ya sa malami ba ya iya ba su gwaji sai wanda ya zama dole, kuma takarda in ta dawo lamba ce kawai a samanta, ba a nuna maka inda ka ɓata ba. Ka san ka faɗi, ba ka san dalili ba.

'Yan matan sun kawo wani abu cikin jin nauyi, ta bakin wata malama: makewayi. Babu ruwa, ƙofofin sun lalace, don haka akwai kwanakin wata da wasunsu ke zama gida. A duk zagayen da muka yi babu uba ɗaya da ya ambaci wannan, ni ma ban taɓa leƙa wurin ba sai ranar.

Kada a ɗauka yaran nan waliyyai ne. Malamai sun ce wasu a fada suke kwana suna shan shayi, su zo aji suna gyangyaɗi, waya kuma ta zama annoba. Akwai waɗanda in da za a bi tasu, giɓin katangar ya zauna har abada. Kuma wasu daga cikin ramukan kundin nan su suka haƙa su da ƙafafunsu. Amma 'yan tarminal da jarrabawa ta tunkaro, yawancinsu tsoro ne a idonsu, ba wasa ba.

Ranar taro

An yi taron wata Asabar da safe a farkon Fabrairu, a inuwar itatuwan dogon yaro. Aka buɗe da addu'a, shugaban makaranta ya yi maraba, aka karanta lissafin magini: bulo kaza, siminti kaza, yashi da kuɗin aiki. Kowa ya gyaɗa kai. Saura a shafa fatiha sai wakilin ɗalibai ya ɗaga hannu. Ɗalibai suna da kujera a kwamiti, amma bisa al'ada zama kawai suke yi. Yaron ya matso, ya rusuna.

"Baba Alhaji, iyayenmu, ku gafarce ni, ba rashin kunya ba ne. Ga kundin ajinmu. Roƙona a buɗe wurin fizik a nuna ma kowa."

Wani dattijo daga baya ya ce: "Kai yaro, mu za ka koya ma lakkwal? Tun ba a haife ka ba muke zuba kuɗi wurin ga."

"A'a Baba, ni ban isa ba. Ku dai duba."

Shugaban kwamiti ya karɓa, ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa na kusa da shi. Kundin ya bi hannu-hannu har wurin mata. Ba a buƙatar Faransanci kafin a gane shafin da babu komai a cikinsa, musamman in ga na lissafi a gefensa cike maƙil. Hayaniya ta lafa.

Mai ƙuli-ƙulin nan ce ta fara magana, ta kira shugaban makaranta da Mushe, yadda ake kiran malamin boko. "Mushe, to duk wata biyun ga, in ɗiyata ta hito da sahe, ina take zama?"

Shugaban makaranta ya ce: "Hajiya, cikin aji take, ba ta zuwa ko'ina. Malami ne babu. Mun rubuta wa ofishin ilimi na jiha, mun sake rubutawa." Ya bayyana cewa shi ba ya ɗaukar malami, ba ya canja masa wuri, daga sama ake turowa, malaman kimiyya kuma ko'ina neman su ake yi. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba, kuma na rubuta shi a rahoto, shi ne me ya hana a kira iyaye tun watan Nuwamba a gaya musu.

Sai mai shinkafa ya miƙe, ransa a ɗan ɓace. "To in lakkwal ɗin haka take, ƙaƙa ɗiyana suka ci?"

Malamin lissafi, wanda ya daɗe a makarantar, ya yi murmushi ya ce: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Mushen da ke zuwa gidanka bayan isha'i, nawa kake ba shi a wata?"

Aka yi dariya, shi ma Alhajin ya yi, ya zauna. Amma tambayar ta shiga.

Abin da sakamakon bak yake ɓoyewa

A nan ne, a ganina, gaba ɗaya lamarin yake. Sunayen da ake kira da lasifika gaskiya ne, yaran sun ci. Sai dai ana rubuta nasarar da sunan makaranta ita kaɗai, alhali hannaye da yawa ne suka yi aikin.

Akwai kuɗin iyaye masu hali, da ke biyan darasin gida a lissafi da fizik wata-wata. Akwai wahalar yaran kansu: duk wanda ya zaga unguwannin Maraɗi da dare daga watan Maris zai ga ƙungiyoyinsu, mutum biyar ko shida, da allon katako jingine da bango, suna warware tambayoyin shekarun baya a ƙarƙashin fitilar titi. Ko lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba su daina ba, da fitilar hannu suka ci gaba. A cikin irin wannan ƙungiya yaro ɗaya mai malamin gida yakan ɗauki sauran, ya maimaita musu abin da aka koya masa. Ta haka kuɗin Alhaji ke isa ga ɗan ƙauyen da ubansa bai san ana yi ba, amma sai in ya yi sa'ar aboki.

Akwai kuma tankaɗe. Yaran da suka shiga sagond ba su ne duka ke isa tarminal ba. Wanda makinsa ya yi ƙasa sosai, ko ya maimaita aji ya sake faɗuwa, ana sallamarsa. Mai hali ya koma makarantar kuɗi, wani ya shiga jarrabawa a matsayin mai zaman kansa, wani ya kama kabu-kabu ko ya bi motocin Ɗan Isa da Jibiya, yarinya kuma a ɗaura mata aure. Ranar sakamako babu mai kiran sunayensu, kuma ba sa cikin lissafin da ake yaba makaranta da shi. Makarantar da ta fi tsananta tankaɗe tana iya fin kowa kyawun sakamako ba tare da ta fi kowa koyarwa ba.

Wasu iyaye a taron sun yi barazanar cire 'ya'yansu su kai makarantar kuɗi. Malamai suka kalli juna. Da yawa daga cikin masu koyarwa a can su ne dai na nan. Malamin kwantiragi, wanda ɗan abin da ake ba shi ba ya kai shi ƙarshen wata, wani lokaci ma ya makara, dole ya hau babur daga wannan aji zuwa wancan. Bambancin shi ne a makarantar kuɗi sa'ar da ka yi ita ake biyanka, kuma akwai mai tsaye yana dubawa. Ban zargi malamin ba, yana da iyali. Amma wannan ya nuna cewa abin da mai kuɗi ke saya a can ba wani malami na daban ba ne, tabbacin cewa malamin zai shiga aji ne.

Shi ya sa nake ganin ma'aunin ɗalibai ya fi kusa da gaskiyar makarantar. Sakamakon bak yana gaya maka abin da makaranta, gida, aljihu da ƙoƙarin yaro suka haɗu suka yi. Kundin aji yana gaya maka abin da makarantar ta bayar ita kanta, ga kowa, har da wanda ba shi da kowa. Duk da haka ba zan ce iyaye mata sun yi kuskure ba. Yarinyar da aka cire saboda tsegumin bakin katanga, ko an kawo malamin fizik goma ba su amfane ta ba.

Abin da aka yanke, da abin da ya biyo baya

Ba a tashi ba sai da azahar ta gabato. Mai shinkafa, wataƙila don ya wanke dariyar da aka yi masa, ya ɗauki nauyin langa-langa da itacen da za a toshe giɓin na wucin gadi, ya ce ginin bulo a bari sai baɗi. Aka ware kaɗan don ƙofofin makewayin 'yan mata da tanki, bayan malamar nan ta nace. Sauran aka sa su a sa'o'in cike gurbi: matashin malamin da wani abokin aikinsa za su riƙa ba 'yan tarminal D darasi ranar Asabar da yammacin Laraba, a biya su kuɗin mai da ɗan hasafi, a kuma buga wa yara tambayoyin shekarun baya. Aka ƙara da sharaɗi ɗaya da bai ci ko dala ba: kowane ƙarshen wata iyaye biyu za su zo ofishin sansar su duba kundayen azuzuwa.

Darussan sun fara da ƙarfi. Azumi ya kama a watan Maris, na yammacin Laraba ya mutu, na Asabar ya rage. Bayan salla zafi ya sauko. Matashin malamin ya gaya mini ƙarara cewa ba zai iya gama manhaja ba, don haka ya zaɓi babin da suka fi fitowa a jarrabawa ya zauna a kansu, sauran ya bi ta kansu da gudu. Ga wanda bai taɓa koyarwa ba kafin wannan shekara, ya yi abin a yaba.

Duba kundin ne ya fi jawo magana. Wasu malamai sun ji haushi, suka ce kwamitin iyaye ba sufeto ba ne, kuma wanda bai iya karanta kan darasi ba ta yaya zai auna malami. Ɗaya daga cikin iyayen da aka zaɓa da ɗiyarsa yake zuwa tana karanta masa. A wata na biyu shafuka suka cika fiye da da, har muka yi murna, sai yara suka raɗa mana cewa akwai mai shigowa ya yi rabin sa'a ya rubuta sa'a biyu. Daga nan aka ce shugaban aji ya riƙa ajiye nasa ɗan lissafin a gefe, abin da ya sa yaron cikin tsaka mai wuya, don malamin da yake ƙirga wa sa'o'i shi ne mai ba shi maki.

Akwai kuma waɗanda taron bai tuna da su ba. Don a ceci 'yan tarminal, an janye wasu sa'o'in fizik daga azuzuwan sagond, tunda su ba su da jarrabawar ƙasa a gabansu. Babu wanda ya kawo kundinsu gaban iyaye, wakilinsu ma bai san yana da damar magana ba. Su ne za su zauna a tarminal a shekarar 2026 zuwa 2027, da ramin da aka bar musu tun daga tushe. Na sa batunsu a jerin abubuwan da za a tattauna a taro na gaba, a ƙarƙashin batun bulo da siminti, domin langa-langar ta fara kwancewa tun iskar farkon damina.